YADDA AKE RARRABE IRIN GARTSA

Idan ruwa ya janye daga fadamun Kalgo da sauran tafkunan ƙasar Gwandu, masu noman shinkafa da masunta sukan kama gartsa a kududdufai. Kifi ne dogo, mai ɓawo da tauri kamar sulke, da ƙayoyi jere a gadon baya. Yana da huhu, shi ya sa yakan leƙo sama ya shaƙi iska, ya kuma jure ruwan da ya ƙafe saura taɓo.

A nan abin miya ne. Amma a Turai da Amurka da Japan akan ajiye shi da rai cikin akwatin gilashi don sha'awa, kuma daga Ikko ake fita da shi. Mai saye iri yake tambaya, kowane iri kuwa da kuɗinsa. Wanda bai san irin da ke hannunsa ba, shi ake yi wa wayo.

Iri 3 aka fi samu a ruwayen Kwara da rassanta. Abu 3 ake dubawa: ƙaya, da baki, da launi.

1. Mai jiki fili, toka-toka, ba zane. Ƙayoyinsa 8 zuwa 11, leɓen ƙasa bai wuce na sama ba. Shi ne ƙaraminsu.

2. Mai faffaɗan kai, da baƙaƙen dabbare a gicciye. Ƙayoyinsa 11 zuwa 14, leɓen ƙasa ya ɗara na sama.

3. Mai ƙaya 13 ko fiye, da ratsi a tsawon jiki. Shi ma leɓen ƙasa ya fi tsawo, kuma yakan kai ƙafa 2.

To, masu kiwon kifi a ƙasashen Asiya, musamman Indunusiya, sukan yi wa gartsa allura don ya saki ƙwai, wani lokaci su haɗa iri da iri. Abin da aka samu shi ne ruwa-biyu. Alamarsa ita ce shaidun nan 3 su saɓa wa juna, misali zane ya ce na 2 ne, baki da ƙaya su ce na 1 ne. Kada a yanke hukunci da launi kaɗai, gama launi yakan sāke bisa ga ruwa da ƙasar wurin. Kada kuma a yanke a kan ɗan ƙarami, don 'ya'yan na 1 ma suna da ratsi, sai sun girma ya ɓace.

Abin kiyayewa biyu ne. Kifin da aka sayo daga waje, kada a sake shi a gulbi ko tafki, don in ya gauraya da namu ba mai iya tsince shi. Wanda kuma ya haƙa tafkin kiwo, ya tsame gartsa sarai kafin ya zuba 'ya'yan karfasa, gama da dare yake farauta, ƙananan kifi ne abincinsa.

Allah ya ba da sa'a.