Ƙungiyar Ƙwallon Ƙafa ta Matan Preston: Tashinta da Faɗuwarta

Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa ba rashin 'yan kallo ba ne ya durƙusar da ƙwallon ƙafa na mata a Ingila, rashin fili ne. Tarihin ƙungiyar Dick, Kerr Ladies ta birnin Preston ya isa hujja.

An kafa ƙungiyar a shekarar 1917, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya. Da yake maza sun tafi bakin daga, sai mata suka maye gurbinsu a masana'antar Dick, Kerr, wadda a lokacin take ƙera harsasai. Waɗannan ma'aikata ne suka fara taɓa ƙwallo a lokacin hutu, har wani ma'aikacin ofis mai suna Alfred Frankland ya zama manajansu. A ranar Kirsimeti ta wannan shekara suka yi wasa a filin Deepdale gaban mutane kimanin 10,000, suka ci huɗu da nema. Kuɗin ƙofa kuwa aka ba da shi don jinyar sojojin da suka ji rauni.

Abin ya kai ƙololuwa ranar 26 ga Disamba, 1920, sa'ad da suka kara da matan St Helens a filin Goodison Park na Liverpool. Mutane wajen 53,000 suka shiga, wasu dubbai suka rasa wuri. A wannan shekara ce Lily Parr ta shigo ƙungiyar tana 'yar yarinya, ta kuma shahara da ƙarfin bugu da ƙafar hagu.

Ba a cika shekara guda ba, ranar 5 ga Disamba, 1921, Hukumar Ƙwallon Ƙafa ta Ingila ta hana mata wasa a filayen ƙungiyoyin da ke ƙarƙashinta. Dalilan da ta bayar su ne wai wasan bai dace da mata ba, kuma akwai ƙorafi kan yadda ake sarrafa kuɗin sadaka. Abin lura shi ne, hukumar ba ta ga rashin dacewar ba sai da filaye suka cika maƙil.

Ƙungiyar ba ta mutu nan take ba. A 1922 ta je Amurka ta kara da ƙungiyoyin maza, a 1926 ta koma Preston Ladies, ta ci gaba da wasa a ƙananan filaye. Ta watse a 1965, shekara shida kafin a janye dokar hanin a 1971.