Kafin Ka Sayi Waya: Yadda Za Ka Fahimci Lambobin Da Ke Jikin Kwali

Duk wanda ya taɓa shiga Farm Centre a Kano da niyyar sayen waya ya san yadda abin yake. Kowane mai shago zai ɗago kwali ya ce maka wannan RAM ɗinta 16GB ne, kyamararta 108MP. Da yawanmu a kan waɗannan lambobi muke biyan kuɗi, sai bayan wata uku wayar ta fara nauyi da zafi. Yau da kuɗin waya ya kai albashin wata biyu ko uku ga mutane da yawa, kuskure ɗaya yana nufin zama da matsala na shekaru. Ga abin da ya kamata ka duba.

1. RAM na gaskiya da na aro

RAM shi ne wurin da waya ke riƙe manhajojin da kake amfani da su a lokaci guda. Idan ka ga an rubuta "8GB (4+4)", ka sani RAM na gaskiya 4GB ne kawai. Ragowar huɗun an aro su ne daga ma'ajiyar wayar, kuma ma'ajiya ba ta kai RAM sauri ba ko kusa. Don haka lambar farko ita ce abin dubawa. Ga mai WhatsApp, Facebook da manhajar banki, 4GB zai wadatar. Mai sana'a da waya, ko mai yawan TikTok da gyaran bidiyo, ya nemi 6GB ko 8GB na gaskiya.

2. Furosesa

Wannan ita ce ƙwaƙwalwar waya, kuma ita ce aka fi ɓoyewa a talla. Ka juya kwalin ko ka bincika sunan wayar a intanet. A wayoyi masu matsakaicin farashi za ka fi cin karo da MediaTek Helio, Unisoc da Snapdragon. Helio G99 da Snapdragon 685 an ƙera su da fasahar 6nm, Helio G85 kuwa 12nm ce. A mafi yawan lokuta, ƙanƙantar wannan lamba na nufin ƙarancin zafi da ƙarancin shan batir. Waya mai RAM 6GB da furosesa mai kyau ta fi mai 8GB da furosesa mai rauni.

3. Ma'ajiya

Idan an ce 64GB, ba duka za ka samu ba, domin babbar manhajar wayar ta riga ta cinye wani kaso. Bidiyoyin guruf-guruf na WhatsApp kaɗai kan cika sauran cikin 'yan watanni. Idan da hali ka fara daga 128GB. Ka duba irinta ma: UFS ta fi eMMC saurin buɗe manhaja.

4. Kyamara

Yawan megafiksel ba shi ne kyan hoto ba. Yawancin kyamarori masu 50MP suna haɗa ɗigo huɗu su zama ɗaya, sai hoton ya fito a 12.5MP. Daga iPhone 6s ta 2015 har zuwa iPhone 13 ta 2021 babbar kyamarar 12MP ce, amma hotunansu sun fi na wayoyi da dama masu manyan lambobi. Haka kuma ramuka uku ko huɗu a bayan waya ba sa nufin kyamarori masu amfani uku ko huɗu. Ka ɗauki hoto a cikin shagon, a inda haske bai da yawa, ka ƙara girmansa ka gani da idonka.

5. Batir da caji

A inda wutar lantarki ba ta da tabbas, 5000mAh shi ne mafi ƙarancin abin nema a wayar Android. Amma ka haɗa da saurin caji. Waya mai 10W kan ɗauki kusan awa uku kafin ta cika, mai 33W kuwa awa ɗaya da 'yan mintuna. Idan wuta na zuwa na ɗan lokaci ne, ko kuɗi kake biya a wurin masu caji, wannan bambanci ba ƙarami ba ne. Ka tambaya ko akwai kan caja a kwalin, domin wasu kamfanoni sun daina sakawa.

6. 5G da sabunta manhaja

MTN ta ƙaddamar da 5G a Najeriya a 2022, Airtel ta biyo baya a 2023, amma har yanzu an fi samunsa a manyan birane. Idan babu shi a unguwarku, waya mai 4G mai inganci ta fi mai 5G da aka rage mata ingancin sikirin ko kyamara. Abin da ya fi muhimmanci shi ne shekarun da kamfani zai yi yana turo sabuntawa. Samsung ta yi alƙawarin shekara 7 ga Galaxy S24, wasu ƙananan wayoyi kuwa da wuya su ga sabon Android ko sau ɗaya. Wayar da aka daina sabuntawa haɗari ce ga kuɗin da ke asusunka na banki.

7. Idan ta hannu ce ko tokumbo

Danna *#06# ka kwatanta lambar IMEI da ta jikin kwali. Ka tabbatar mai ita ya cire asusunsa na Google ko iCloud a gabanka, in ba haka ba wayar na iya kullewa bayan an goge ta. Saka layinka ka yi kira, domin wasu wayoyin waje a kulle suke da kamfanin sadarwa ɗaya. Ka sani kuma iPhone 14 da na bayanta da aka yi wa kasuwar Amurka ba su da wurin saka layi, sai eSIM. A iPhone ka duba lafiyar batir. Idan ta gaza kashi 80, ka sa kuɗin canza shi a lissafi. Kada ka bar shagon sai da rasit mai ɗauke da IMEI, domin shi ne hujjarka idan aka ce wayar ta sata ce.

8. Gyara

Tambayi mai gyara nawa ne sikirin ɗin wayar tun kafin ka saya. Tecno, Infinix da itel duk na kamfanin Transsion ne, kayansu na samuwa kusan ko'ina, kuma suna da cibiyoyin Carlcare. Wata wayar kuwa sikirin ɗinta kaɗai ya kai rabin kuɗinta.

Kafin ka fita kasuwa, rubuta ayyuka uku da ka fi yi da waya da iyakar kuɗin da za ka kashe. Zaɓi wayoyi biyu ko uku ka bincika su a gida, sannan ka je ka gwada su a hannunka kafin ka biya.