Shin Iyo Yana Ƙara wa Mai Gudun Fanfalaki Ƙarfi?

Matashin da ke fitowa daga Unguwar Gano bayan sallar Asuba, ya miƙe titin Zariya a guje ta Gyadi-Gyadi, duk takun da ya yi ƙafarsa tana ɗaukar ninkin nauyin jikinsa sau 2 zuwa 3. Daga nan ciwon gwiwa da na ƙwauri kan faro. Shi ya sa akan shawarce shi da ya haɗa da iyo, domin ruwan da ya kai wuya yakan ɗauke kusan kashi 90 cikin 100 na nauyin mutum, alhali zuciya da huhu suna ta aiki.

Sai dai iyo ba ya maye gurbin gudu. A 1975 John Magel da abokan aikinsa a Amurka suka wallafa sakamakon horar da wasu samari iyo na mako 10. Iskar oksijin da jikinsu ke iya sarrafawa cikin ruwa ta ƙaru da kashi 11, amma da aka gwada su a gudu, ƙarin bai kai kashi 2 ba. Dalili kuwa, iyo aikin kafaɗa da damtse ne, kuma tsokar da aka horar ita ce ke ƙwarewa.

Amfaninsa ke nan a ranar hutu, ko lokacin jinyar rauni, ko a bazara sa'ad da zafin Kano ke haura digiri 40. Amma fa a wurin iyo mai tsabta, ba kududdufi ba, inda dodon koɗi ke ɗauke da ƙwayar cutar tsargiya mai shiga ta fata.