Tukunyar Ɗumama Gida: Gyara Ko Sabuwa?

Tambaya: A Ingila nake zaune. Tukunyar gas mai ɗumama mana gida kullum cikin lalacewa take, ga hunturu ya kawo kai. In gyara ko in canza?

Amsa: Malam, fara duba shekarunta. Irinta takan yi shekara 10 zuwa 15. In ta haura haka, kuɗin gyara kuma ya tasam ma rabin na sabuwa, canza ta ka huta. Sababbin suna sake amfani da zafin hayaƙinsu, shi ya sa ba su shan gas sosai. In gidan haya ne, nauyin mai gidan ne. Kada kowa ya taɓa tukunyar sai ma'aikacin gas mai rajistar Gas Safe. Harshen wutarta shuɗi ne. In ka ga ya koma rawaya, kashe ta, buɗe tagogi, don tana iya fitar da iskar guba marar wari.