Ɗan Sanda a Kan Keke: Talauci ne ko Dabara?

Tambaya: Na ga hoton 'yan sanda da ma'aikatan lafiya a Turai suna aiki a kan keke. Kuɗin mota ne ya gagare su? Kuma hakan zai yiwu a nan Boɗinga ko Shagari? Daga wani malamin firamare, Boɗinga.

Amsa: Malam, cunkoso ne ya mayar da su kan keke. A 1987 'yan sandan birnin Siyatil na Amurka suka fara sintiri da shi, domin motarsu kan maƙale a tsakiyar gari, ɓarawo ya sulale da ƙafa suna ji suna gani. A Landan kuma, wani ma'aikacin motar asibiti mai suna Tom Lynch, tsohon gwanin tseren keke, shi ya kafa rukunin masu agaji a kan keke a shekarar 2000. Cikin jakunkunansu akwai magunguna, da tukunyar iskar numfashi, da na'urar da ke tayar da zuciya da lantarki. Idan zuciyar mutum ta tsaya, duk mintin da ya wuce ba taimako, damar tsirarsa kan ragu da kusan kashi 10 cikin 100. Wanda ya riga isowa, ko a kan me ya zo, shi ne mai amfani.

Mu ma abin ba baƙo ba ne. Tambayi dattawan Sifawa, za su ba ka labarin ɗan doka da duba-gari na zamanin En'e, kowa da kekensa Rali.

To, a ina zai yi mana rana? Ranar kasuwa, da filin idi, da lungunan cikin gari inda mota sai ta yi ta ribas. Keke ba ya shan fetur, ba ya ƙara, kuma mai shi yana jin gaisuwa har da tsegumin 'yan unguwa, abin da na cikin Hilux ba ya samu.

Da zarar an sauka daga kwaltar Sakkwato zuwa Jega, labari ya sauya. Ga yashi, ga ƙaya, ga zafin Afrilu da kan haura digiri 40. Keke yana kai ma'aikaci wurin majinyaci, amma ba ya ɗauko mai naƙuda daga ƙauyen Shagari zuwa asibiti. Shi ya sa a jihohin Arewa da dama aka haɗa kai da direbobin ƙungiyar NURTW don wannan jigila. Batun 'yan bindiga kuwa, ba a bin mai babur da feda. Ko rundunar tsaron al'umma da jihar Sakkwato ta ƙaddamar a 2024 babura da motoci aka ba ta.

Ni dai abin da nake ganin zai fi wuya shi ne shawo kan kofur ya hau keke da kaki, a gaban 'yan acaɓar tasha, ba tare da ya ji an rage masa girma ba.