Yadda Ake Fere Daskararriyar Gansakuka Don Ganin Abin da Ke Kare Ta Daga Haske

Gansakukar da masana ke kira Chlamydomonas ƙwaya ɗaya ce tak, faɗinta bai wuce kashi ɗaya cikin ɗari na milimita ba. A cikinta akwai koren ɗaki guda, kuloroplas, cike da siraran tantani jere a kan juna, kuma a jikinsu ake kama hasken rana a sarrafa shi ya zama abinci. Idan hasken ya yi yawa, tantanin ne ke fara jin jiki. A 2012, ɗakin binciken Michael Schroda a Jamus ya nuna cewa in aka rage wa gansakukar nan wani furotin mai suna VIPP1, aka kuma tsananta mata haske, sai tantanin ya kumbura. A 2019 wasu masu bincike a Faransa suka nuna wani furotin ɗin, Fzl, yana haɗe tantanin da juna, kuma yana taimaka mata jure zafin haske. To amma ta yaya ake ganin wannan aiki da ido?

Noman gansakukar ba shi da wuya. Kwalba ce da ruwan sinadarin abinci da fitila, bayan 'yan kwanaki ruwan ya koma kore shar. Sai a ƙara wa wasu kwalaben haske, a bar wasu yadda suke domin kwatance.

Daga nan sai daskarewa. Ana ɗiga ɗan ruwan a kan wata 'yar raga ta ƙarfe mai faɗin milimita 3, a tsotse rarar da takarda, a tsunduma ragar farat ɗaya cikin ruwan etan mai sanyin kusan digiri 180 ƙasa da sifili. Ruwan naitirojin ba ya yin wannan aikin, domin yana tafasa ya lulluɓe samfurin da tururi, sanyi ya shiga a hankali, ƙanƙara ta yi ƙwayoyi masu kaifi ta yayyage tantanin da ake son gani. Etan kuwa yana daskarar da ruwa kafin ya samu damar yin ƙwayoyin. Wannan dabara ce ta sa Jacques Dubochet ya samu rabo a kyautar Nobel ta 2017.

Inda gwani ke bambanta da ɗan koyo shi ne wajen fira. Ƙwayar ta yi wa madubin ilektiron kauri, dole a fere ta sama da ƙasa har sai abin da ya rage bai wuce nanomita 100 zuwa 200 ba. Ba hannu ke taɓa ta ba, wani siririn harshe ne na ƙwayoyin galiyom ke cin daskararren ruwan, mai aikin yana zaune gaban kwamfuta yana zana inda zai ci. Da farko ana shafa mata filatinum a fuska don kariya. A soma da ƙarfi daga nesa, a riƙa matsowa ana rage ƙarfin mataki-mataki, har a zo gogewar ƙarshe. Nan ne zuciya ke bugawa. In shafin filatinum bai yi daidai ba, sai zane-zane su sauko a fuskar yankan su ɓata hoto. In aka zarce kaɗan, yankan ya lanƙwashe ko ya tsage, aikin awa guda ya tafi a banza. Wanda ya tsira ma bai gama tsira ba, domin wajen ɗauke shi zuwa babban madubin ilektiron, ɗan danshin iskar ɗaki ya isa ya zauna masa ya zama ƙanƙara. Sau da yawa ɗaliban digiri na uku ne ke wuni a kan wannan kujera, kuma za ka ga wanda hannunsa ya faɗa yana nuna yankansa mai santsi da alfahari, ya kuwa cancanta.

Sauran aikin na na'ura ne. Ana karkata yankan daga kusan digiri 60 ta wannan gefe zuwa 60 ta wancan, ana ɗaukar hoto a kowane mataki, kwamfuta ta haɗa su su ba da siffar cikin ƙwayar mai tsawo da faɗi da zurfi.

Da wannan hanya Benjamin Engel da abokan aikinsa suka nuna tsarin kuloroplas ɗin Chlamydomonas a yanayinsa na asali a 2015. A 2021 kuma, a mujallar Cell, suka bayyana yadda VIPP1 ke haɗuwa ya yi zobba masu kama da kwando, cikinsu na kama tantani yana lanƙwasa shi. Sun liƙa wa furotin ɗin alama mai ƙyalli don su san inda za su duba, sai ga shi a cikin kuloroplas ya naɗe bututun tantani. A shekarar ce kuma aka tabbatar cewa VIPP1 dangin ESCRT-III ne, furotin ɗin da ke yanka da gyara tantani a ƙwayoyin jikin ɗan Adam.