Lamba 16 da 18: Ƙwayoyin da Ke Jawo Sankarar Bakin Mahaifa

A wannan mako mun ɗauko maganar allurar da ake yi wa 'yan mata a damtse, domin mun ji wasu a ajinmu suna cewa wai ta hana haihuwa ce. Mun tambayi malamin kimiyya, mun kuma karanta, ga abin da muka samo.

Akwai wata ƙwayar cuta da ake kira HPV. Iri-irinta sun haura 200, shi ya sa masana suka ba su lambobi kamar yadda ake ba mu lamba a rajista. Wajen 40 daga ciki suna kama al'aura, kuma ana ɗaukarsu ta hanyar mu'amalar aure. Namiji ma yana ɗauka, yana kuma yaɗawa bai sani ba.

Lamba 6 da 11 tsiro kawai suke fitarwa a fata. Masu haɗarin su ne irin 16 da 18, waɗanda ke jawo kusan kashi 70 cikin 100 na sankarar bakin mahaifa a duniya. Wani likitan Jamus, Harald zur Hausen, shi da abokan aikinsa suka gano lamba 16 a 1983, lamba 18 kuma a 1984, bayan sun binciki naman da aka ciro daga jikin marasa lafiya. An ba shi kyautar Nobel a 2008.

Abin da ya fi ba mu tsoro shi ne shirun cutar. Yawanci jiki yana korar ƙwayar da kansa cikin shekara biyu. In ta maƙale kuwa, sai ta riƙa ɓata bakin mahaifa a hankali, babu zazzaɓi babu ciwo, har shekara 15 zuwa 20 kafin ta zama sankara. Wato yarinyar da aka aurar yanzu, sai 'ya'yanta sun kai kamarmu sannan jini ya fara zubo mata ba lokacinsa ba. A 2020 mata kusan 8,000 ta kashe a Najeriya.

Najeriya ta fara rigakafin ranar 24 ga Oktoba, 2023, ya iso Zamfara a zagaye na biyu cikin Mayun 2024. Allura ɗaya ce, kyauta, ga 'yan shekara 9 zuwa 14, tana kare mutum daga lamba 6, 11, 16 da 18. Ba ta hana haihuwa. Amma ba ta warkar da wadda ta riga ta kamu, don haka iyayenmu mata gwaji ya kamata su yi a asibiti.

Mu 'yan aji biyu da uku lokaci ya kusa ƙure mana. Duk wadda ba a yi mata ba, ta nemi izinin Baba da Inna, a raka ta asibitin garinmu na Adabka a tambayi ranar da ake yi.